Takardar Tuhuma Zuwa ga Babban Yatsa

Zuwa ga Mai Girma Babban Yatsa na Hannun Dama,

Majalisar Gaɓoɓin Jiki tana sanar da Babban Yatsa cewa ta yi zama a kan lamarinsa, bisa ƙorafin da Ido da Wuya suka shigar, wanda Ƙwaƙwalwa ta mara wa baya. Majalisa ba ta manta da martabarsa ba, domin shi ne yake tsaya wa wanda bai iya rubutu ba a takardar ciniki, shi ake dangwalawa ranar zaɓe, kuma babu lomar tuwon da ta taɓa kaiwa baki ba da yawunsa ba. A duk waɗannan ayyuka an san shi da jiran umarni.

Bincike ya nuna cewa halinsa ya fara sauyawa ne a shekarar 2009, lokacin da Facebook ya fito da maɓallin nuna so, ya kuma zana hoton Babban Yatsa a ɗage a kansa, abin da wanda ake tuhuma ya ɗauka naɗin sarauta ne. Kafin nan, a 2006, Aza Raskin ya ƙirƙiro shafi marar ƙarshe, wato tsarin da sabon rubutu yake ɓullowa daga ƙasa duk lokacin da aka ja fuskar waya sama, ta yadda mai karatu ba ya taɓa isa gindin kwano balle ya gane ya ƙoshi. Shi kansa Raskin ya fito daga baya ya bayyana nadamarsa, amma Babban Yatsa bai nuna tasa ba har yau. Ya kamata kuma ya sani cewa kamfanin Meta, mamallakin Facebook da Instagram da WhatsApp, yana samun fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigarsa ne daga talla, wadda take ƙaruwa gwargwadon daɗewar ido a kan waya, saboda haka wanda yake ganin kansa basarake ɗan ƙwadago ne da ba a biya, kuma Aljihu ne yake saya masa data.

Ɓata lokaci ba shi ne babban laifin ba. Tuhumar da ta fi nauyi ita ce ta turawa, wato miƙa saƙon wani ga wasu tun kafin Ƙwaƙwalwa ta gama karanta layin farko. A watan Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Najeriya, saƙon da ya ce a yi wanka da ruwan gishiri kuma a sha ya zagaye ƙasa cikin dare ɗaya, aka kwantar da mutane a asibiti saboda gishirin, ba saboda cutar ba. A Indiya kuwa, jita-jitar masu satar yara ta jawo kashe bayin Allah da ba su ji ba ba su gani ba, har WhatsApp ya taƙaita tura saƙo ga wurare biyar kacal a lokaci guda, ya kuma faɗaɗa dokar zuwa duk duniya a watan Janairun 2019. Idan har mai kasuwa da kansa ya ga dacewar sa wa dillalinsa linzami, to lamarin dillalin ya kai inda ya kai.

Akwai kuma ƙananan laifuffukan da suka fi yawa, waɗanda ake aikatawa da sunan tausayi: hoton majinyaci a kan gadon asibiti ba da izininsa ba, da hoton maraya yana karɓar sadaka, da sanarwar rasuwa da takan riga ɗan aike isa wurin uwar mamaci. Babban Yatsa yakan kare kansa da cewa akwai maɓallin gogewa, alhali ya san magana zarar bunu ce, kuma wani yatsan a wani garin ya riga ya ɗauki hoton fuskar wayarsa ya adana.

Ido ya nemi a jefa wayar a rijiya, amma Majalisa ta ƙi, saboda da ita ake gaida dangin da suke nesa, da ita kuma masu sayar da atamfa da turare daga cikin gida suke samun ciniki. Hukuncin da aka yanke shi ne a sauke Babban Yatsa daga sarauta a mayar da shi masinja. Za a kashe ƙararrawar manhajoji, waya ba za ta ƙara kwana a kan gado ba, kuma ba zai tura komai ba sai Ƙwaƙwalwa ta tabbatar da inda labarin ya fito, ta kuma tabbatar mai hoton ya yarda. Duk abin da aka rubuta cikin fushi zai kwana, in gari ya waye bai ba da kunya ba sai a sake shi.

An bai wa Babban Yatsa kwana bakwai ya kare kansa, da sharaɗin amsar ta zo a rubuce da biro a kan takarda, tare da sa hannun Manuniya a matsayin shaida.

Sakatariyar Majalisa,
Ƙwaƙwalwa