Iska Nawa Za a Sa, Alhaji?

A ƙarƙashin wata darbejiya a bakin titinmu akwai mai faci, da injin iskarsa mai tari kamar tsohon mashayin taba, da bahon ruwa baƙi ƙirin da yake tsoma taya don neman huji. Akwai kuma benci, inda nake zama da yamma. Tun da ƙananan jif irin su RAV4 da CR-V suka cika gari, na lura da cewa duk wanda ya tsaya, tambaya ɗaya ake yi masa: "Nawa za a sa?" Amsar da mutum zai bayar ta fi katin shaida fallasa shi. Ga waɗanda na tantance.

Na farko shi ne Mai Geji a Ƙafa. Wannan ba ya ma jiran tambaya. Zai fito ya zagaya motar, ya kai wa kowace taya shuri, ya karkata kunne kamar mai zaɓen kankana a kasuwar 'Yan Lemo, sannan ya yanke hukunci: "Ukun nan lafiya lau, ta bayan ce kawai za ka ɗan taɓa." Bai san tayar zamani munafuka ba ce. Cikinta ɗinke yake da wayoyin ƙarfe, tana iya rasa rubu'in iskarta ta tsaya maka ƙyam kamar ba abin da ya faru. Ko ƙusa ba ta taka ba, duk wata tana sace wajen lamba 1 a awon da ake kira PSI. Shurin nasa ingancin takalminsa kawai yake aunawa.

Na biyu Alhaji Ƙara-Mata. Shi a wurinsa iska kamar naman miya ce, ba ta yawa. "Yaro, cika ta! Hanya zan ɗauka." Idan mai faci ya yi jinkiri, sai Alhaji ya durƙusa da babbar rigarsa, ya goge gefen tayar da yatsa, ya nuna 51 da aka rubuta a jiki. "Bature ne ya rubuta, ka fi shi sani ne?" Baturen ya rubuta kam, amma iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka yake nufi, kamar a ce buhu yana cin mudu kaza kafin ya yage. Lambar da motar ke so tana manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, a wata 'yar takarda da Alhaji yake gogawa da gwiwa sau goma a yini, kuma a yawancin ƙananan jif tsakanin 30 da 35 take. Da 51 ɗin nan cibiyar tayar ce kaɗai ke taɓa kwalta. Tsakiya ta cinye ta yi sanƙo, gefe yana sabo fil, birki ya rage kamu, kowane rami kuma sai ya ji shi har cikin haƙora. Bayan wata biyu za ka same shi a garejin makaniki yana tsine wa masu gyaran titi.

Na uku kishiyarsa ne, Malam Sassauta. Tsoronsa ɗaya a duniya, taya ta fashe. Ya taso daga Kaduna da tsakar ranar bazara, kwalta na tururi, yana isowa sai ya sa a auna, ya ga iska ta haura da wajen 4. "Inna lillahi! Rage, rage!" Ya karɓi tsinken ashana da kansa ya danna bawul, iska na fita yana ajiyar zuciya. Wannan hawan kuwa ɗabi'ar iska ce idan ta ji zafi, masu ƙera motar sun san da shi, shi ya sa suka ce a auna taya tana sanyi: da sassafe, ko bayan ta huta awa 3. Gobe da safe tayar Malam za ta wayi gari a yunwace. Taya mai ƙarancin iska kuwa ita ce ke lanƙwashewa tana miƙewa a kowane juyi, kamar wayar da kake lanƙwasawa har ta ƙona maka yatsa, zafin ya taru ya ɓare ta. Ga shan mai, ga cin gefe. Gudun gara, an faɗa gidan zago.

Kada a ɗauka wasa ne. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye taya miliyan 6.5 a Amurka, akasarinsu a kan jif ɗin Ford Explorer, bayan sun yi ta ɓarewa a kan gudu, motoci na kifewa, ana asarar rayuka. Cikin abin da kamfanonin biyu suka yi ta cacar baki a kai har da iska: Ford ya rubuta 26, Firestone ya ce 30 ta fi. Wannan ta'asa ce ta haifi dokar da ta sa daga Satumban 2007 kowace sabuwar ƙaramar mota a can take zuwa da fitilar gargaɗin iska.

Fitilar ce ta haifa mana na huɗu, Mai Salatif. Ya sayo tokumbo 'yar Amurka, wata safiya ta hunturu ya tayar da ita, sai ga wata alama ruwan ɗorawa, kamar tukunya da muciya a tsaye a ciki. Sanyi ne ya tsuke iskar, don duk saukar zafi da digiri 5 ko 6 tana tafiya da wajen lamba 1. Fitilar ma ba mai yawan ƙorafi ba ce, sai iska ta ragu da kusan kashi 25 cikin 100 take magana. Shi kuwa sai ya tambayi abokin aikinsa, aka ce masa "ai duk 'yan Amurka haka suke." Ya yanko baƙin salatif ya liƙe mata baki. Yanzu zuciyarsa wasai.

Na biyar Ɗan Boko. Yana zuwa da gejinsa mai batir a cikin kube, ba ya yarda da na mai faci, kuma a nan ban ga laifinsa ba, don gejin rumfa ya sha faɗuwa a ƙasa fiye da yaro mai tatata. Matsalar ita ce lacca. Sai ya bayyana wa mai faci cewa 2.2 da ke jikin motocin Turai ita ce 32 a namu awon, sannan ya nuna korayen murafun bawul ɗinsa: shi naitirojin ake sa masa, ba iskar talakawa ba. Wata rana mai facin, da ya taɓa zama a aji, ya ce, "Yallaɓai, ai ita ma wannan da muke shaƙa kashi 78 naitirojin ce. Kawo rabin kuɗin in sa maka." Tun daga ranar a nesa yake fakin.

Na shida Mai Marainiya. Tayoyinsa huɗu suna samun kulawa, amma safayar da ke goye a ƙofar baya, cikin rigarta mai zanen damisa, rabonta da iska tun tana jirgin ruwa. Idan 'yar siririyar nan ce ta ƙarƙashin but, 60 take so, kuma ba a wuce gudun kilomita 80 da ita. Ranar da zai neme ta, da daddare ne, tsakanin Zariya da Funtuwa, iyali a mota. Ya ɗaga jak, ya sha gumi, ya ɗaura, ya sauke, ita ma ta zauna daɓas kusa da 'yar'uwarta.

Da na gama lissafin nan na karanta wa mai facin, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce, "Malam, saura ɗaya."

"Wa na manta?"

"Wanda idan na ce nawa za a sa, sai ya ce sa yadda ka saba, ya koma benci yana kallon mutane."

Na yi shiru. Ya ce in buɗe ƙofar motata. Na buɗe, na tofa yawu a yatsa na goge ƙurar takardar: 32, gaba da baya. Ya ɗora gejinsa a tayar gaba, allura ta tsaya a 45.

"Kai ka sa mata ai," in ji ni.

"Ni na sa," ya ce, yana laluben tsinken ashana a aljihu. "Yadda na saba."