Wai ciwon daji na Nasara ne, in ji 'yan fadarmu

Tun da na yi maganar ciwon daji a fadarmu ta Birni, shayina ya koma na uku, wanda ba ƙarfi sai zaƙi. An yi mini hukunci ke nan. Alhaji ya ce cutar Nasara ce, ta masu cin abincin gwangwani. Malam ya ce jifa ce. Ƙaraminmu kuwa, wanda ko gemu bai tara ba, ya ɗora laifin a kan dunƙulen Maggi da eriyar salula, yana faɗa yana busa mini hayaƙin sigari a fuska.

To, ku gyara zama, yau da ku nake.

Alhaji, ka ce zamanin Sarki Tanimun ba a san shi ba. Allah ya ja kwana, wa ya auna? Tanimun ya yi ganuwa, ya yi igwa, amma ban ji an ce ya bar na'urar duba hanta a fada ba. Mutum ya rame, cikinsa ya kumbura, a ce ajali, a kai shi makwanci. Su kuwa likitocin Masar ta Fir'auna sun rubuta labarin ƙari a nono fiye da shekara 3,000 da suka wuce, lokacin ba gwangwani ba salula. Nijar ma sai 1992 ta fara rajistar masu cutar, a Yamai. Abin da ba a ƙirga ba, ai ba a ce babu shi ba. A duniya, Hukumar Lafiya ta ƙiyasta sababbin kamu miliyan 20 a 2022 kaɗai.

Yanzu mu shiga rumbunka, tunda kai ne mai alfahari da gyaɗar Magarya da Matamai. Ka san ƙwayar nan da kake tauna ka ji ɗaci, ka yamutsa fuska, amma ka haɗiye don kada a yi asara? Idan gyaɗa ko masara ta sha laima a ajiya, funfuna na kama ta, ta zuba mata gubar da ake kira afalatoksin. Suya ba ta gamawa da ita, ƙuliƙuli ma ba ya tsira. Nasaran da kake zagi su suka gano ta, bayan talo-talo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda tunkuzar gyaɗa. Su tsuntsayensu suka mutu suka tashi bincike. Mu kuwa mai kyau a kai Kasuwar Dole, ragowar da ta yi baƙi a ce a daka wa yara.

Gubar nan hanta take nema. In ta tarar da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda da yawanmu muke ɗauke da ita tun muna goye ba mu sani ba, sai su ƙulla abota, hatsarin ya ninku sau da yawa. Malam, ga mai jifan naka nan, su biyu ne, kuma babu wanda ya je wurin boka a cikinsu. Rigakafin ƙwayar yana cikin allurar jarirai, wadda ka hana a yi wa autanka.

Sai tafki. Wane ne a cikinmu bai yi iyo a tafkunan Damagaram da damina ba? Yaro ya yi fitsarin jini, a yi dariya a ce ya zama namiji. Tsargiya ce, kuma in ta shekara da shekaru ba magani tana iya kai mafitsara ga daji. Ƙwayar maganinta kyauta ake rabawa a lakkol, yara na ɓoyewa a aljihu.

Hajiya, na ga kina murmushi ta bayan labule don na kama maza. Naki na tafe. Sankarar mama da ta bakin mahaifa su suka fi addabar mata a ƙasar nan. Ta bakin mahaifa ƙwayar cuta ke kawo ta, ta hanyar kwanciya, saboda haka a bar kishiya ta huta, ba ita ta yi ba. Ta mama kuwa akwai gado a ciki, akwai shekaru, akwai wadda ba a san dalilinta ba. Nan kam na yarda da Malam rabi: ƙaddara gaskiya ce, wani bai taɓa sigari ba ya kamu. Amma ƙullutun da aka taɓa kamar ƙwayar gujiya aka rufe da zane, sai da ya fashe aka nufi likita, wannan kuma kunya ce aka sa wa rawanin tawakkali.

Kai kuma mai sigari ban ɓata maka tawada ba, kwalin da ke aljihunka ya riga ni faɗa.

Na san gobe za ku ce lokotoro sun saye ni. Ku ce. Amma ku tuna injin gashin daji sai 2021 aka buɗe shi a Yamai, kuma daga nan zuwa can kilomita wajen 900 ne, ga kuɗin mota, ga masauki, ga mai jinya. Gwajin hanta kuwa a nan Damagaram ake yi. Alhaji, ranar Litinin zan biyo maka da babur, mu je tare. In ka ga allura ka ji tsoro, na yi alkawari ba zan faɗa a fada ba.