Ni da Ciyaman da Injin Ƙyanƙyasa

A takarda ba a asarar kiwo. Tsako ba ya mutuwa, shirwa ba ta sura, ƙwai ba ya zama baragurbi. Da irin wannan lissafin na bayan sallar isha'i na faɗa kiwon talotalo a farkon 2021, a gidana da ke Batsari. Hujjata mai ƙarfi ce: duk ƙarshen shekara fatake kan bi kasuwanninmu suna sayen talotalo don masu bikin Kirsimeti a Abuja da Kudu, kuma babba guda kan yi kuɗin akuya. Mutanen garinmu sun tsaya ga rogo da dankali, ni kuwa na ce na hango gaba.

Wata Alhamis na shiga kasuwa na sayo mata biyu 'yan gida, baƙaƙe, masu dogayen ƙafafu. Namiji kuwa na ce ba a wasa da iri. Na aika Kano aka zo mini da wani fari tas, irin na gidan gona, wanda sai da yara biyu suka kama kafin a sauke shi daga mota. Tun ranar ya ƙwace tsakar gida. Ya kumbura, ya baza wutsiya, ya ja fukafukai a ƙasa, wuyansa ya yi ja ya koma shuɗi, kowa ya yi sallama shi ne mai amsawa. Shi ke fara cin abinci, shi ke gamawa, bayan wannan ba a ganin aikinsa. Yara suka sa masa Ciyaman.

Tare da shi na yo odar injin ƙyanƙyasa na roba, ɗan Caina, mai ƙaramin gilashi da lambobi ke haskawa. Dabarar ita ce: talotalo 'yar gida kan yi ƙwai goma zuwa sha biyar sai ta kwanta, amma in kana kwashewa za ta ci gaba da zubawa. Su yi ta ƙwai, inji ya yi ta kwanci, ni in yi ta ƙirga.

Ana haka Goggo ta zo daga Safana duba yara. Ta fi shekara talatin tana kiwon zabi da talotalo a bayan ɗakinta. Ta leƙa injin ta ce, "Wannan tukunyar ta mi ce?"

Na ce, "Uwa ce, Goggo, ta zamani."

Ba ta tanka ba. Ta juya ta ƙare wa Ciyaman kallo daga sama har ƙasa, ta ce, "Ɗan nan, wannan kau ai kaya ne ka sayo, ba miji ba." Na yi murmushin wanda ya yi karatu, na canza magana.

Aikin injin ba ɓoyayye ba ne, abu huɗu yake kwaikwayo daga uwa. Zafi ya tsaya digiri 37.5 a ma'aunin Salshiyos. Danshi ya zauna wajen kashi 55 cikin 100. A riƙa juya ƙwan sau da yawa a yini don kada ɗan tayi ya manne da ɓawo. Iska kuma ta riƙa shiga, don ƙwai ma numfashi yake. Na kaza kwana 21 yake yi, na talotalo 28. Na haddace wannan har ina yi wa 'yan majalisa darasi a ƙofar shagon mai shayi.

Bayan mako guda na kashe fitila, na ɗauki cocila na haska ƙwai na farko. Garau, gwaiduwa na yawo abinta. Na biyu ma haka, har na ƙarshe. Na ce ƙila 'ya'yan babban iri ba sa gaggawa. Wata ya cika, ko ƙyas. Na tuhumi wutar lantarki, na tuhumi ma'aunin zafi, na hana uwargida turaren wuta a falo, na kori yara daga wannan sashen. Na sake zubawa, aka sake maimaita mini.

Wani abokina malamin dabbobi ya saurari ƙorafina har na gama, sai ya yi tambaya ɗaya: "Ka taɓa ganin ya yi barbara da idonka?"

Washegari na ɗauki kujera na zauna tsakar gida ina gadi. Da hantsi ɗaya daga matan ta durƙusa a gabansa. Ciyaman ya kumbura, ya zagaye ta sau uku cikin ƙasaita, ya ɗora ƙafa ɗaya a bayanta. Da ya ɗaga ta biyun, ƙirjin ya rinjaye shi, ya tafi gaba ɗaya ya kife a kwanon dusa. Matar ta miƙe, ta kakkaɓe jikinta, ta tafi tonon ƙasa. Shi kuwa ya tashi, baki duk dusa, ya yi gululu mai ƙarfi yana sanar da unguwa nasara.

Abokina ya yi mini bayani yana danne dariya. Wannan farin iri, da Turawa ke kira Broad Breasted White, an yi shekaru ana zaɓensa don tsokar ƙirji har ya kai bai iya hawa mace ba. A manyan gidajen gona na Amurka da Turai da hannu ake ɗura wa matan iri. Ya fasa ƙwai ɗaya a faranti ya nuna mini ɗan farin ɗigo a kan gwaiduwa. Ya ce mai rai ɗigonsa kan buɗe ya yi zobe, wannan kuwa a dunƙule yake. Ashe watanni ina gasa abincin karin kumallo a hankali.

Duk da haka ban sallama ba. Na tono wani bincike na gaskiya: a shekarun 1950, a cibiyar Beltsville ta jihar Maryland, wani masani Marlow Olsen ya gano cewa ƙwan talotalo kan fara ɗan tayi ba tare da namiji ba, har wasu ƙalilan su ƙyanƙyashe, kuma duk maza. Na karanta wa uwargida wannan da murya mai nauyi. Ta ci gaba da tsince shinkafa ta ce, "To Malam, in haka ne, shi wannan me ya kawo shi gidan nan?"

Abin da ya fi ba ni haushi na same shi a wannan karatun. Asalin talotalo daga ƙasar Meziko yake, Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga can ya bazu. Da farin gidan gona ya mamaye kasuwa, tsofaffin iri irin su Bronze da Narragansett da Bourbon Red suka kusa ƙarewa. Ƙidayar da ƙungiyar Livestock Conservancy ta yi a 1997 ta samu guda 1,335 kacal na haihuwa a duk faɗin Amurka. Sharuɗɗan da suka gindaya wa tsohon iri su ne ya yi barbara da kansa, ya jure rayuwar waje, ya girma a hankali. Wato abin da Amurkawa suka kafa ƙungiya don cetowa, shi ne ke tsintar tsaba a bayan ɗakin Goggo.

A ƙarshen Agusta na hau babur da sassafe na nufi Safana, don a yankinmu na bakin Dajin Rugu mai hankali da rana yake tafiya. Namijin Goggo ɗan tsamurmuri ne, baƙi, ko rabin Ciyaman bai kai ba, amma ko zama ba ya yi. Ta zaɓo mini ƙwan da bai wuce mako ba, masu ɗigo-ɗigon ja, ta jera su a ƙwarya cikin ƙaiƙayi, tsinin yana kallon ƙasa. Ta ce in na isa in bar su su huta kwana guda, don jijjigar hanya. Sannan ta kafa sharaɗi: "Ka ba matarka bakwai ta sa ma kaza. In ba ka yi ba, ajiye mani ƙwaryata."

Uwargida na da wata tsohuwar kaza mai faɗa da ta fara kwanci a gindin rumbu. Aka zame nata aka tura mata bakwai, yadda ake yi da ƙwan zabi tun kaka da kakanni. Sauran na jera a inji, na cika duk ramukan ruwansa har baki, don ni ba na rowa.

Sai Satumba ta shigo da nata. Cikin matakan tsaro aka hana sayar da fetur a jarka, bayan kwanaki kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Batsari da Safana. Mutane na fama da abin da ya fi ƙwai girma, don haka ba wanda zan kai wa kuka. Amma janareto ba ya jin uzuri, wutar gari kuma sai ta ga dama. Na koma zuƙo mai daga tankin babur ɗina da tiyo. Wanda ya shiga cikina a wannan watan ya isa kai mutum Dutsin-Ma. Uwargida ta hana ni matsawa kusa da murhu.

Ranar da sabis ya ɗauke, ranar injin ya fara kuka, tsit-tsit-tsit, ba dare ba rana, wata lamba na ƙyaftawa. Takardar bayaninsa da rubutun Caina take, wanda ya sayar mini yana Kano, intanet babu. Daren da mai ya ƙare na kwashe filas ɗin gidan, na cika gorunan roba da ruwan zafi na jera a gefen injin, na lulluɓe shi da bargon aurenmu. Da na ga lamba na sauka, na jawo kaskon gawayi. Kafin in idar da shafa'i da wutiri ta haura 40. Na sallame a guje na yaye bargo ina fifita da faifai. Daga baya abokina ya ce ƙwai ya fi jure sanyin 'yan awoyi a kan zafin da ya wuce kima, ita ma uwa ai tana tashi ta ci abinci ta dawo.

Shi ne kuma ya fassara mini kukan. Ya zo har gida, ya haska ƙwai ya nuna mini ɗakin iskar da ke gefen mai faɗi. Ya kamata ya riƙa girma, domin ƙwai na bukatar rasa wajen kashi 12 cikin 100 na nauyinsa kafin ƙyanƙyasa, kuma a wannan ɗakin tsako ke shaƙar numfashin farko. Nawa sun ƙi girma. Da damina iska a jiƙe take, ni kuma na ƙara tafki a ciki. Da hunturu ne ake ƙara ruwa. Ya tsiyaye ramukan ya bar ɗaya, injin ya yi shiru.

A nan na ga abin da ya biya ni wahalata. Cikin hasken cocila ɓawon ya yi ja, jijiyoyi sun bazu sirara-sirara, a tsakiya wani ɗan baƙin abu ya motsa, ya nutse, ya sake tasowa. Murna ta sa na gayyato 'yan majalisa bayan isha'i, na sa farar babbar riga. Na ɗaga na farko suka yi kabbara. Na ɗaga na biyu. Na uku ya ɗan yi gumi a jikinsa, cikinsa duhu. Wani dattijo maƙwabcina ya ja da baya ya ce, "Malam, ajiye wannan a hankali." Na ce ai wannan ya fi sauran cika ne, na matso da shi kusa da fuska don in nuna musu.

Ƙarar kamar ta bindigar toka. A wancan lokacin kuwa ba a yi wa mutanen Batsari wasa da irin wannan ƙara. Kafin in buɗe ido ɗakin ba kowa, sai takalma. Wari kuwa ya kwana uku a falo, rigar ta sha wanki har ta gaji, daga ƙarshe aka yi tsumman goge babur da ita.

A kwana na 25 na daina juyawa, na ƙara danshi zuwa wajen kashi 70, na rufe injin ban sake buɗewa ba, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Na samu biyu. Ɗaya lafiyayye, ɗayan ƙafafunsa sun baje saboda santsin roba, sai da muka ɗaure su da zare kwana biyu kafin ya tsaya. Ina cikin karɓar barka daga yara, sai ga tsohuwar kaza ta fito daga gindin rumbu, fukafukai a buɗe, shida na biye da ita. Ba ta sha fetur ba, ba ta ƙona gawayi ba, ba ta kori kowa daga falo ba.

Uwargida ta ce, "Malam, kawo naka ta riƙe maka." Da dare muka tura su ƙarƙashinta. Hakan ya yi rana, don ɗan talotalo bai iya fara ci da kansa da wuri ba, sai ya ga wani na tsattsaga. Kaza ta koya musu, Goggo ta aiko da saƙon a haɗa musu da gara da dafaffen ƙwai, a kiyaye su daga raɓa da sauro. Abokina ya yi musu rigakafin ƙurajen fuska da allurar cibiyar Vom, ya kuma ce da sun tasa a raba su da kaji, saboda wata cutar hanta da kaji ke ɗauke da ita ba ta dame su ba, amma tana kashe talotalo.

Da Disamba wani farke ya ɗaga Ciyaman, ya jinjina, ya biya ba ciniki mai tsawo. A duk harkar shi kaɗai ya kawo kuɗi a shekarar, kuma Goggo ta ce ai ta faɗa, kaya ne. Na karɓo aron ɗan baƙin namijinta, matan nan biyu suka yi kwancinsu da kansu a bayan tulu.

Injin ma bai zauna banza ba. Uwargida ta gano cewa zafinsa daidai yake da abin da ƙullin waina ke so, musamman da sanyin hunturu. Yanzu duk daren da aka kawo wuta ƙullu ke ciki, da asuba ya tashi har ya taɓa murfi. Maƙwabta na aiko da nasu, tana karɓar ɗan na cefane. Na nemi kasona a matsayin mai jari, ta ce in fara biyan kuɗin filas ɗinta biyu da na fasa.