Zakaran da Na Kai Sujada

Malamin makaranta ko ya yi ritaya, bakinsa ba ya ritaya. Ranar da aka sallame ni daga aikin firamare an karɓe alli, an karɓe rajista, amma ba wanda ya tuna ya karɓe mini ƙaiƙayin gyara mutane. Ga kuma gado. Ni haifaffen Wusasa ne, inda jama'ar Likita Mila suka koma a 1929 da suka bar cikin birnin Zariya, inda har gobe tsohuwar majami'ar nan ta ginin ƙasa take tsaye. Kakana yana cikin waɗanda suka fara riƙe cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, kuma an ce akuya ba ta gilmawa ta gabansa bai ciro mata aya ba. To jikan irin wannan mutum, ya yi zaman banza a ƙauye a gindin Kufena? Ina!

Baba Fasto ne ya tsokano tsuliyar dodo. Wata Lahadi ya ce mu duba yadda Yesu yake koyarwa: yisti a cikin gari, ƙwayar mustad, fitila, taru, macen da ta share ɗaki tana neman tsabar kuɗinta, kaza da 'yan tsakinta. Ya ce duk kayan tsakar gida ne da na bakin ruwa, saboda haka kowa ya koma gida ya buɗe ido, Allah yana magana ta abin da muke takawa kullum. Sauran jama'a suka ce amin, suka tafi cin abinci. Ni kuwa na zarce kanti na sayi sabon littafin rubutu.

Cikin ɗan lokaci gidana ya zama makarantar tauhidi. Aka ɗauke wuta da dare, aka tarar Uwargida ba ta yi cajin fitila ba, nan take na tuna mata budurwai biyar da suka tashi tarar ango ba mai a fitilunsu. Akuyar maƙwabci ta shigo ta cinye mana zogale, na leƙa ta katanga na yi masa bayanin ranar da za a ware tumaki dama, awaki hagu. Auta ya yi gyangyaɗi a addu'ar asuba, na ba shi labarin Aftikos, saurayin da barci ya kwashe a bakin taga a Taruwasa har ya faɗo daga hawa na uku. Yaron ya murza ido ya ce, "Baba, ai Bulus ne ya ja magana har tsakar dare." Na rubuta sabon darasi a kan 'ya'yan zamani.

Wata rana Uwargida tana tankaɗe ta ce, "Maigida, littafin nan naka ya kusa cika. Akwai shafinka a ciki kuwa?"

Na ce mata wanda Allah ya ba ido, aikinsa gani ne. Ta ci gaba da tankaɗenta.

Da kaka ta yi, aka sa ranar sujadar godiya a watan Nuwamba, aka kuma ce ni zan yi wa yaran makarantar Lahadi magana ta minti goma a gaban ikilisiya kafin baiko. Abin nema ya samu. Na ce wannan karon ba bayani da baki kawai ba, darasin da kansa zan ɗauko in kai.

Uwargida tana da wani jan zakara, ƙato, mai zanko har yana faɗowa gefe guda, wanda take yi wa tanadin dussa tun damina saboda Kirsimeti. Shirina mai sauƙi ne. Zan ba da labarin yadda Bitrus ya yi musun sanin Ubangijinsa, in na kai musu na uku sai in ɗaga hannu, Auta ya yaye zanen da ke kan kwando, zakara ya ga haske ya yi cara, zukata su karye. Mun gwada da asuba a bayan ɗaki, abu ya tafi daidai.

Babban ɗana da ke karatun aikin gona a Samaru ya so ya kashe mini gwiwa a waya. Ya ce masana a Jami'ar Nagoya ta Jafan sun nuna a 2013 cewa zakara yana da agogo a jikinsa, ko an ajiye shi inda ba a bambanta dare da rana, gab da asuba zai yi cararsa. Ya ce daga baya kuma sun gano in zakaru sun taru, babbansu ne ke fara cara, na ƙasa su jira. "Baba, gwajin asuba ba gwaji ba ne, wannan lokacinsa ne dama." Na ce masa mutanen Jafan ba su san zakaran Zazzau ba.

Ranar Lahadi Uwargida ta fita da sassafe wajen Matan Zumunta, don haka ban sami damar neman izininta ba. Ba ta kuma ce a'a ba. Na ce wa Auta kada ya ɗaure ƙafafun zakaran, domin zakara ɗaurarre ba ya cara da kwarjini.

Gaban majami'a ya cika maƙil. Dammunan dawa a jingine da bango, buhunan masara, doya, kabewa, rake, gyaɗa a kwarya, ƙwai a tasa, wani bunsuru ɗaure a jikin taga yana cin kwalliyar ganyen da 'yan mata suka yi. A gefe guda ga kaji kwance da ɗaurarrun ƙafafu, cikinsu har da wani farin zakara wanda ko a kwance ka san shi ne sarki a gidansu. Matan Zumunta sun sha zane iri ɗaya, ana dukan bakin tulu, ana kaɗa caki, rufin kwano yana amsawa.

Aka kira ni. Na gyara babbar riga, na fara. Ba yabon kai ba, na iya ba da labari. Na kai yaran farfajiyar gidan babban firist a Urushalima cikin sanyin dare, na zaunar da su bakin wutar gawayi tare da bayi da dogarai. Na gaya musu Matiyu da Markus da Luka da Yohanna duka sun rubuta wannan labari, ba wanda ya rufa wa babban manzo asiri. Baiwa mai tsaron ƙofa ta ce ta gane shi, ya musa. Aka sake cewa, ya sake musawa. Sai harshensa ya tona shi, domin Bagalile in ya buɗe baki a Urushalima, kamar Basakkwace ne a kasuwar Kurmi, ba ya ɓuya. Bitrus ya yi ta rantse-rantse, ya musa na uku. Na ɗaga hannu sama.

Auta ya yaye zane.

Zakara ya miƙa wuya, ya karkata kai, ya dubi ikilisiya da ido ɗaya. Ya juya ya dube su da ɗayan. Sannan ya sunkuya ya fara tsattsage gashin fiffikensa.

Malami ba ya barin aji ya ga ya rikice. Na ce, "Sai wani ya sake tambayar Bitrus, ya sake musawa!" Na ɗaga hannu. Shiru. Na ƙirƙiro wani dogari, shi ma Bitrus ya musa masa. Na jawo mai sayar da itace. Ina shirin shigo da matar babban firist sai wata 'yar yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ba sau uku ba ne?"

Daga kujerar dattawa, dattijon nan namu da ya je Urushalima sau ɗaya yake ba da labarinta kullum ya yi gyaran murya. Ya ce a gangaren Dutsen Sihiyona akwai majami'ar da aka gina don tunawa da wannan dare, da zakaran zinariya a kan rufinta, ya gani da idonsa. "Shi ma dai ba ya cara, Malam. Ka yi haƙuri."

Ganin lokaci yana tafiya, kuma darasi ba ya cika sai da cara, na cika ƙirji na yi ta da kaina. Tsohon hedimasta, da furfura da babbar riga, a gaban bagade. Yara suka faɗi ƙasa don dariya, wata uwa ta toshe baki da gefen ɗankwali, bunsuru ya amsa. Na koma benci da natsuwa, na tura kwandon ƙarƙashin ƙafata.

Baba Fasto ya share hawaye, ya ce kafin mu kawo baiko mu sunkuyar da kai, kowa ya binciki zuciyarsa shiru. Majami'a ta yi tsit. Ni ma na sunkuya, na fara bincike. Na binciki ma'aji, wanda na daɗe ina ganin lissafinsa yana tafiyar hawainiya. Na binciki maƙwabci mai akuya. Ina tsakiyar binciken dattijon Urushalima sai farin zakaran can na gaba ya daddage ya saki cara. Kafin ta sauka, namu ya amsa daga tsakanin ƙafafuna, daidai saitin kunnena da ke sunkuye. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi, amma ba a taɓa gaya mini har ana addu'a ba. Na zabura, gwiwata ta daki kwando, kwando ya kife.

Abin da ya biyo baya ya fi sauri a gani da a faɗa. Zakara ya bi ta kan benci uku, ya sauka a bakin tulun Matan Zumunta, ya tashi da ɗankwalin shugabarsu a ƙafa. 'Yan Birged suka yi masa ƙawanya, ya bi ta ƙarƙashinsu. Ya taka tasar ƙwai, ya watsar da gyaɗa, sannan ya haye can ƙololuwar damin dawa ya sake yin cara, ya ƙara, ya kuma ƙara, duk bashin da na bi shi ya biya da riba. A nan ne Uwargida ta buɗe ido. Ba ta dubi zakaran sau biyu ba. Ni ta duba.

Da aka kama shi, na taso in karɓi kayana. Baba Fasto ya ce, "Malam, yau ranar godiya ce. Abin da ya iso gaban bagade da ƙafarsa, wa zai ce masa koma?" Jama'a suka ce amin da ƙarfin da ban taɓa ji sun yi wa darasina ba.

Bayan sujada aka fita gwanjo a gindin mangwaro. Uwargida ta wuce ta kusa da ni, ba ta ko tsaya ba, ta ce, "Maigida, da zakarana zan koma gida." Mai gwanjo ya ɗaga shi sama yana kirari, wai ga zakaran da ya fi mai shi iya wa'azi. A kasuwa ba zai wuce naira 9,000 ba. Na ce 9,000. Dattijon Urushalima ya ce 12,000. Matan Zumunta suka haɗa kai suka ce 18,000, wai kuɗin wankin ɗankwali. Maƙwabcina mai akuya, wanda ko kaza bai taɓa saya a gwanjo ba, ya ce 25,000 yana murmushi. An buga ƙararrawa a 35,000, a kaina, alhali fansho bai shigo ba. Ma'aji ya buɗe littafinsa ya rubuta sunana cikin masu alkawari. Ranar kam hannunsa ba ya nawa.

Ina tsaye rungume da zakara sai ga tsohuwar nan mai daddawa, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, kullum tana zaune a bencin baya. Ta dafa sandarta ta ce, "Malam, sannu da aiki. Yau na ƙaru."

Na ce, "Madalla, Kaka. Wane ɓangaren?"

Ta ce, "Na zakaran. Ina ta tunani, ashe shi Bitrus ba shi ya ɗauko nasa a kwando ba. Zakaran wani ne can a unguwa, yana harkar gabansa, ya yi cara a lokacin da Bitrus bai so ba. Mutum nawa ne a farfajiyar nan? Duk sun ji. Wajen kowa cara ce kawai, gari ya kusa wayewa. Mutum ɗaya ne ta soka. Shi kuma bai waiwaya ya ga ko da wa ake ba, fita ya yi ya je ya yi kukansa."

Ta gyara tsayuwa. "Abin da ya fi yi mini daɗi kuma, ɗana, da Ubangiji ya tashi ya same shi a bakin teku, bai tare shi da tonon silili ba. Wuta ya hura, ya gasa kifi, ya ce su zo su karya kumallo. Sai da ciki ya ɗauka sannan ya tambaye shi zancen ƙauna, sau uku, daidai da musun. Wanda zai gyara ka, ya fara ba ka abinci, ka san da gaske yake." Ta ja sandarta ta tafi.

Gaskiya maganar ta shige ni. Da dare na ɗauko littafina na rubuta ta tsaf, har na ja layi a ƙarƙashi. Sannan na zauna ina nazarin wanda ta fi dacewa da shi. Na auna ma'aji, na auna maƙwabci, na ga duk ba su kai dattijon Urushalima buƙata ba, mutumin da ya tsoma baki a darasin wani, ya kuma tayar da farashin zakaran da ba shi da niyyar saya. Don in bi shawarar tsohuwa sosai, na sa Auta ya sayo ƙosai, na ƙunsa a takarda.

Washegari da hantsi na kama hanya. Ban kai rabi ba muka yi kiciɓis da shi a bakin rijiya, riƙe da leda mai maiƙo. Ya washe baki ya ce, "Malam! Ai wurinka na nufa. Ga 'yar waina na kawo maka, ka fara ci tukuna. Akwai wata magana da tsohuwar nan mai daddawa ta gaya mini jiya, na kwana ina cewa wannan ai kai aka yi wa ita."

Muka zauna a kan dakali, na ci wainarsa, ya ci ƙosaina, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya ƙoshi. An sa ranar Laraba bayan addu'a Baba Fasto zai raba mana gardama. Ma'aji ya aiko a gaya mini shi ma zai zo, da littafinsa.