A Koya wa Kowa Tuƙa Mafarkinsa, Mu Huta

A cikin duk shaidun da Bahaushe ke gabatarwa, babu ɗan gata kamar mafarki. Ba a rantsar da shi, ba a tambayarsa wa ya gani tare da shi, ba a ɗaga zama don a bincika. Mutum ya yi sammako zuwa zauren Alhaji, ya zube, ya ce, "Ranka ya daɗe, daren jiya na gan ka bisa farin doki, da alkyabba, jama'a na biye da kai kamar ranar hawan sallah." Shi ke nan an gama shari'a, hannun Alhaji ya nufi aljihu. Saurayin da ya yi wata uku bai leƙa zance ba ya dawo da "na yi mafarkinki," laifinsa ya wanku tas. Uwargida ta ga amarya a mafarki tana barbaɗa wani abu a tukunyar miya, kafin azahar dangi sun rabu gida biyu, kuma babu wanda ya tuna ya tambayi kwano nawa na ɗanwake uwargidan ta tashi da shi kafin ta kwanta. Duk ƙarfin wannan shaida a kan magana ɗaya yake rataye: ba ni na shirya ba, nuna mini aka yi. To, masana barci sun daɗe da gano almakashin da zai yanke wannan igiya, kuma ra'ayina shi ne a raba wa kowa nasa.

Abin da suka tabbatar shi ne, mutum yana iya kasancewa tsakiyar mafarki sai hankalinsa ya dawo masa ba tare da ya farka ba, ya ce a ransa, "Af, ashe mafarki nake yi." Wasu a nan suke tsayawa su yi kallo, wasu kuma sai su kama linzami: su juya su fuskanci karen da ke bin su, ko su tashi sama kamar shirwa. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Holan, Frederik van Eeden, shi ya raɗa wa abin suna a 1913, mu kuma sai mu ce mafarkin sane. An daɗe ana yi masa kallon shaci-faɗi, domin babu hujja sai bakin mai mafarkin, su kuwa Turawan bincike ba su da saurin kai hannu aljihu irin na Alhaji. Hanya ta buɗe ne bayan da aka gano a Shikago a 1953 cewa akwai wani mataki na barci da ƙwayar ido ke ta kai-komo a ƙarƙashin fata, kuma a nan aka fi yin mafarki. A wannan mataki gaɓoɓin jiki a ɗaure suke, ido da numfashi kaɗai ke da 'yanci. Ɗaurin nan ne ma in ya makara, mutum ya farka bai sake shi ba, muke kira dannau. A 1975, a Jami'ar Hull ta Ingila, Keith Hearne ya yi yarjejeniya da wani mai suna Alan Worsley: in ka gane kana mafarki, ka juya idonka hagu da dama yadda muka shirya. Mutumin na barci, na'ura na rubutu, sai ga alamar ta fito a takarda. Stephen LaBerge na Jami'ar Stanford a Amurka ya sake tabbatar da haka wajajen 1980. A 2021 kuwa, ɗakunan bincike huɗu a Amurka da Faransa da Jamus da Holan suka gwada mutum 36, har ana jefa musu lissafi suna cikin mafarki, irin a cire shida daga takwas, mai barci ya amsa da juya ido sau biyu. Amsar daidai ba ta wuce kusan 18 cikin 100 na tambayoyin ba, amma duk wanda ya taɓa bin wani bashi ya san akwai masu ido biyu da ba su kai wannan ƙoƙarin wajen amsa kira ba.

Abin kuma ba na tsiraru ba ne. Wani nazari da ya tattara bincike-binciken shekaru hamsin, wanda aka buga a 2016, ya nuna kusan mutum 55 cikin 100 sun taɓa yin mafarkin sane ko da sau ɗaya a rayuwarsu, kusan 23 cikin 100 kuma suna yinsa aƙalla sau ɗaya a wata. Ba dukansu ne ke iya juya akalar mafarkin ba, amma shakka kaɗai ta isa ta karya farashi. Ranar da wannan labari ya zagaye gari, Alhaji yana da damar ya gyara zama ya tambayi baƙon asuba, "Malam, farin dokin nan, zuwa ya yi da kansa, ko kai ka ɗaura masa sirdi?" Budurwa za ta iya cewa, "Tunda kana iya zuwa wurina a mafarki, me ya hana ka taho da akwatunan lefe?" Ɗan takarar da ya tara magoya baya ya ce an nuna masa kansa a gidan gwamnati, sai a yi masa murna, a tuna masa cewa wanda ya wuni yana kallon fastarsa a jikin kowace katanga, in bai ga kansa a barci ba ai abin ya zama abin tausayi. Amarya kuma, baiwar Allah, a karon farko za ta sami abin kare kanta: wa ya ba ta ƙullin maganin a mafarkin, in ba mai mafarkin ba?

Na san za a ce wannan magana tana neman taɓa mafarkin gaskiya, wanda addini ya san da shi. Ba ta ko kusa. Ai addinin ne ya fara tsaurara tambaya tun kafin a ƙera na'urar Hull. Hadisai sun kasa mafarki gida uku: akwai bushara daga Allah, akwai tsoratarwar Shaiɗan, akwai kuma zancen zuci, abin da mutum ya wuni yana saƙawa ya biyo shi shimfiɗa. An hore mu kada mu ba da labarin mummunan mafarki, kyakkyawan ma sai ga masoyi. Wanda ya ƙaga mafarkin da bai gani ba kuwa, an yi masa alkawarin za a ɗora masa ƙulla ƙwayar sha'ir biyu ranar ƙiyama, aikin da ba zai iya ba. A auna al'adarmu da wannan ma'auni a gani. Uwargida ta yi shelar mummunan mafarki har maƙwabta, ɗan maula ya mai da busharar ta zama jari, kashi na uku kuwa, zancen zuci, wanda shi ya fi yawa, mun soke shi daga lissafi gaba ɗaya, domin babu mai ba da na goro a kansa. Ko Ibn Sirin na Basra, wanda ya rasu a shekara ta 110 bayan Hijira, kuma ake sayar da littafin fassarar mafarki da sunansa a bakin masallatai duk da masana na tababar cewa shi ya rubuta, ana ba da labarin mutum biyu sun kawo masa mafarki iri ɗaya, na kiran salla, ya ce wa ɗaya zai yi aikin hajji, ɗaya kuma za a kama shi da sata, domin ya dubi halin kowannensu. Yau mai fassara a WhatsApp ba ya buƙatar ganin fuskarka. Maciji maƙiyi ne, ruwa arziki ne, ga lambar asusu.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma dole a amsa shi da gaskiya: dabarun da aka tsara don koyon abin ba duka ne za su yi aiki a wurinmu ba. Malaman fannin suna cewa ka saba da gwada kanka da rana, kana tambaya ko farke kake, har sabon ya bi ka cikin barci. Daga cikin gwaje-gwajen akwai danna makunnin fitila, wai a mafarki yakan ƙi kamawa. Wanda ya bi wannan shawara a unguwanninmu zai yanke hukuncin cewa tun shekaranjiya barci yake yi. A nan sai dai a juya ƙa'idar: in ka danna ta kama, ka duba firji ka tarar da ƙanƙara, to ka fara zargin kanka. Akwai kuma karanta rubutu sau biyu, domin a mafarki haruffa da lambobi ba sa zama wuri ɗaya. Shi ma da gyara, don wanda ya duba abin da ya rage masa a banki da safe, ya sake dubawa da yamma ya ga ya ragu bai sayi komai ba, idonsa biyu, caji ne. Abin da ya rage mana shi ne ƙirga yatsu, da toshe hanci a gwada shaƙar iska, waɗanda ba sa buƙatar wuta ko data. A wani ɓangaren ma mun riga Turawa. Babbar dabararsu ita ce ka farka bayan awa biyar ko shida, ka ɗan zauna, sannan ka koma ka kwanta da niyyar gane mafarkinka, saboda matakin mafarki ya fi tsawo gab da safiya. Su sai sun saita agogo. Mu ladan ya ɗauke mana wannan aiki, kuma komawa barci bayan asuba fanni ne da ba a rasa gwanayensa a kowane gida.

Saura masu tsoron cewa in kowa ya iya, gari zai watse, matasa su tare a katifa suna hawa manyan motoci, magidanta su cike gurbin ta huɗu ba sadaki ba kayan ɗaki. Su kwantar da hankalinsu. Matakin mafarki bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na barcin dare ba, sanin kansa yawanci 'yan mintoci ne, kuma zumuɗi na daga cikin abubuwan da suka fi saurin tashin mai koyo. Wato daidai lokacin da ya buɗe jakar kuɗin ya fara ƙirgawa, murna za ta dawo da shi kan tabarmarsa, ga sauro, ga mai koko na jiran cikon kuɗin jiya. Illar da ta tabbata ita ce ta yawan katse barci, kuma mai fama da larurar ƙwaƙwalwa bai kamata ya shiga wannan wasa ba sai da shawarar likita. Amfaninsa kuma ba tatsuniya ba ne, domin likitoci na gwada shi ga masu fama da munanan mafarkai masu maimaituwa, su koyi tsayawa su dubi abin da ke korarsu, maimakon su tashi da safe su ɗora wa wata tsohuwa a unguwa.

Saboda haka, mai karatu, gobe in wani ya yi maka sammako da labarin ya gan ka bisa farin doki, kada ka kore shi, kada kuma ka taɓa aljihu. Ka ce Allah ya tabbatar da alheri, ka tambaye shi ko ya ƙirga yatsunsa a lokacin. Sannan ka shaida masa cewa tukuicinsa na nan cikin jakar sirdin dokin, ya koma ya kwanta ya ɗauka.