Ƙa'idojin Wanke Cikin Kwalekwale da Shafa Masa Fenti a Ƙasar Gwarzo da Kabo

Ƙasar Gwarzo da Kabo ba ta taɓa ganin teku ba, kuma babu alamar za ta gan shi nan kusa, amma tun da aka datse ƙoramun da ke gangarawa kogin Challawa aka tara ruwa a Guzuguzu da Magaga da Pada da Marashi, sannan aka kammala babbar madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992, jikokin manoman gero suka wayi gari da jirgin ruwa a hannunsu, tare da duk ɗawainiyar da ke bin bayansa. Mafi ƙasƙanci a cikin wannan ɗawainiya, wadda kuma aka fi ɗagewa zuwa bayan salla, ita ce wanke cikin jirgi, wato kwarin da ke ƙarƙashin ƙafafun matuƙi inda ruwan yoyo ke taruwa, da kuma gyaran mazaunin inji. A manyan jiragen Legas da Fatakwal mazaunin inji ɗaki ne guda mai ƙofa da tsani. A nan kuwa katako ne mai kauri a ƙarshen jirgi da ake maƙala injin Yamaha a kansa, sai ɗan lungun da jarkar fetur ke zama. Jirgin da ba shi da inji, mazaunin injinsa shi ne inda mai jirgin ke zama riƙe da filafili, kuma gyaran irin wannan inji ya fi alaƙa da tuwo a kan fenti.

Abin da ya fi wuya shi ne mai jirgi ya yarda cewa jirginsa yana da ciki, domin al'adar da ta kafu ita ce a ƙawata gefen waje da kore da shuɗi, a rubuta addu'a da manyan baƙaƙe inda mutanen gaɓa za su karanta, a bar cikin a hannun yankakkiyar jarkar da ake kwalfe ruwa da ita. Lissafin kuwa ba ya buƙatar digiri: kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka ruwan da zai cika jarka biyu masu lita 25 fasinja ne mai nauyin kilo 50 wanda bai biya ko kwabo ba, kuma fasinja ne marar natsuwa, domin da zarar jirgi ya ɗan karkata sai ya ruga ɓangaren da aka karkata ya ƙara masa nauyi. A wannan gaɓa raha ba ta da wuri, domin mutanen yammacin Kano ba su manta da jirgin da ya kife a madatsar Watari tsakanin Badau da Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, inda aka rasa rayuka masu yawa, galibinsu ɗaliban Islamiyya. Lodi fiye da kima aka fi ɗora wa alhakin wannan musiba, kuma ruwan da ke kwance a cikin jirgi shi ma lodi ne, ko da ba a ƙidaya shi.

Da an yanke shawarar wanke jirgin, sai a sanar da Sarkin Ruwa, wato shugaban masuntan wurin, ba don doka ta tilasta ba, sai don kada labari ya riske shi a majalisa daga bakin wani. Daga nan a cire inji, a kira gayyar samari a ja jirgin zuwa tudu nesa da bakin ruwa, a fara kwashe abin da ke ciki da shebur. Mai nazari zai lura cewa dattin yana hawa-hawa, kowane hawa da zamaninsa: a sama akwai ɓawon gyaɗa da ledar fiya-wata da tuƙar raken makon jiya, a ƙarƙashinsu ƙayar tarwaɗa da ɓamɓarokin karfasa da guntayen taru, can ƙasa kuma laka ce baƙa mai gansakuka, wadda a cikinta ake samun silifa ƙafa ɗaya, da ƙugiyoyin mamari masu tsatsa, da wuƙar da aka zargi wani almajiri da ɗaukewa shekara biyu da suka wuce. Ya halatta a yi shiru game da wuƙar. Ƙugiyoyin kuwa su ne hujjar sanya takalmin roba da safar hannu, haka ma ƙananan katantanwa da ke maƙale a haɗin katakai, domin irinsu ne ke rainon ƙwayar tsargiya, cutar fitsarin jini da ta zama ruwan dare a garuruwan da ke bakin dam. Warin da zai tashi bai kamata ya ba kowa mamaki ba, tun da Hausawa sun riga sun yanke hukunci cewa ruwa ba ya tsami banza.

Lungun inji yana da nasa sha'anin. Ƙananan injunan da ake haɗa wa fetur da man inji a jarka ɗaya, galibi kashi 1 na mai cikin 50 na fetur, ba sa rabuwa da ɗigo, kuma wannan maiƙo yana shiga katako ya zauna, fenti kuwa ba ya kama maiƙo ko da an roƙe shi. Za a sami mai ba da shawarar a wanke wurin da fetur, sai a gode masa a kuma nisanta shi da jarka, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a kwarin jirgi yana jira, kuma a cikin kowane taron 'yan kallo ba a rasa mutum ɗaya mai sigari da ashana. Hanyar da ta dace ita ce a barbaɗa garin katako ya tsotse maiƙon, a kwashe, sannan a dirje da omo da ruwan ɗumi da burushi mai tauri, a maimaita har sai ruwa ya daina tsayawa ƙwaya-ƙwaya a kan katakon. Ruwan wankin kada a zubar da shi cikin dam, domin daga dam ɗin shanu ke sha, da shi ake ban ruwan tumatir da albasa, kuma kifin da mai jirgin zai kai kasuwa gobe a cikinsa yake numfashi. A duba katakon da kyau a daidai inda sukurorin inji ke cizo, domin ta waɗannan ramuka ruwa ke shiga ya ruɓar da shi daga ciki, kuma injin da ya faɗa tsakiyar Challawa da guntun katako a bakinsa ba ya dawowa da kansa.

Shanya ita ce babin da malaman wannan fanni suka fi saɓani a kansa. Katako yana kumbura idan ya sha ruwa, yana tsukewa idan ya bushe, saboda haka wanda ya yi gaggawa ya shafa fenti a kan danshi zai ga fentin ya yi bororo ya ɓare cikin makonni, ya kuma kulle laima a ciki inda fumfuna, wato abin da ke cin katako har ya mayar da shi gari, ke jin daɗin zama. Wanda kuma ya kife jirginsa a tsakar rana cikin iskar hunturu ya tafi biki Malumfashi, zai dawo ya tarar da haɗin katakai sun buɗe baki, jirgin ya koma kamar rariya. Tsaka-tsaki shi ne a kife shi a kan itatuwa a ƙarƙashin inuwa, iska na ratsa shi ta ƙasa, ana kuma bin kowane katako da tsinin wuƙa: inda wuƙa ta nutse babu gardama, wannan wuri ya wuce aikin mai fenti, ya zama na kafinta da 'yan katakon Na'ibawa. Tsagar da ta rage sai a cusa mata auduga ko zaren rama, a bi da narkakkiyar kwalta, tare da sanin cewa kwalta tana ratso fentin mai ta ɓata masa launi, don haka wanda ya shafa fari a kanta kada ya zargi maƙiya.

A wannan lokaci 'yan kallo sun cika, kuma wajibi ne a san matsayinsu. Akwai wanda zai ce launin bai yi ba tun kafin a buɗe gwangwani, akwai wanda zai roƙi ragowar fentin don ƙofar shagonsa, akwai kuma dattijon da zai dafa sanda ya ce, "Yaro, kakana har ya koma ga Allah bai taɓa shafa wa jirgi fenti ba." Amsar da ladabi ya tanada ita ce, "Gaskiya ne, Baba, Allah ya ƙara girma," kuma maganar tasa gaskiya ce tsantsa, domin a zamanin kakan nasa gonar dawa ce a inda ruwan yake yanzu.

Game da fentin kansa, ragowar fentin ruwa da aka shafa wa ɗakin amarya ba ya cikin lissafi, ko da mai shago a Ƙofar Ruwa ya rantse cewa, "Alhaji, wannan ko a rijiya ka shafa zai kama." Fentin mai ake buƙata. A goge katako da samfefa, a tsinka shafin farko da tina domin ya shige cikin itacen, a bar shi ya bushe sarai, sannan a bi da shafi biyu marasa kauri, domin shafi ɗaya mai kauri yana bushewa a sama ya bar ƙasansa ɗanye. Launi mai haske, toka-toka ko fari, shi ne zaɓin mai hankali, saboda yana tona asirin ɗigon mai da sabon yoyo tun suna ƙanana, baƙi kuwa zaɓin mai niyyar sayar da jirgi ne. Inda ƙafa ke takawa a barbaɗa tankaɗaɗɗen yashi a kan shafin ƙarshe tun yana ɗanye, in ba haka ba masunci zai jefa birgi ya bi bayansa. A jikin inji kuwa kada burushi ya kusanci ƙananan ramukan da ke zuƙo ruwan sanyaya shi.

Ranar mayar da jirgi ruwa zai yi yoyo, kuma 'yan kallo za su bayyana cewa daman sun faɗa. Wannan yoyo na busasshen katako ne, maganinsa a ɗaure jirgin a wuri marar zurfi ya kwana ɗaya ko biyu har katakai su kumbura su matse juna, sannan a kwalfe a duba, kafin a mayar da inji ko a ɗauki ko da yaro ɗaya. Binciken da ya rage shi ne na yadda za a amsa wa maƙwabcin da zai yi sallama da asubar rana ta uku, ya yaba kyawun aikin, ya yi addu'ar Allah ya sa a kashe lafiya, sannan ya nemi aron jirgin don tsallakar da awaki huɗu da buhu shida na takin gargajiya zuwa gonarsa da ke hayi.