Mazajen Ƙarƙashin Jif

Tsohuwar jif tana da wani mugun hali: tana sa mutum ya ɗauka shi bakanike ne. In ka buɗe bonet ɗin motar zamani, baƙin murfin roba da tarin wayoyi za ka gani, sai ka mayar ka rufe cikin ladabi, ka nemi mai kwamfuta. Amma buɗe na Land Rover Series III, irin da aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, ko na Land Cruiser mai injin dizal 1HZ. Komai a fili yake. Ga lagireto, ga fanbel, ga famfon mai, har ƙasa kana hangowa ta gefen inji. Nan take zuciya za ta raya maka cewa ai wannan ba wani abu ba ne. Ta haka malamin makaranta da ɗan fansho da dillalin hatsi suke wayar gari da akwatin sifana. Daga Gembu a tsaunin Mambilla, inda tsofaffin Land Rover ke hawa da kaya har yau, zuwa Agadez inda Toyota ke ratsa yashi, mutanen nan kamar uwa ɗaya ta haife su.

Wanda ya fi yawa a cikinsu shi ne mai rarar noti. Asabar da hantsi yake shimfiɗa tabarma, ya tuɓe babbar riga, ya ce wa iyali minti talatin kawai zai yi, ɗan ƙara yake ji a gaba. Kafin azahar ya kwance abin da ke ƙarar, da maƙwabcinsa, da wani abin da bai taɓa yi wa kowa laifi ba. Kafin la'asar sifana mai lamba 10 ta ɓace, kuma duk yaran gidan sun sha tuhuma, alhali tana kwance a kan shasi inda shi da kansa ya ajiye ta. In tsohuwar Land Rover ce tasa, abin ya fi muni, don yawancin notukanta da ma'aunin inci na Ingila aka yi su, shi kuwa sifanunsa na milimita ne. Sai ya sa wadda ta kusa daidai, ya danna da ƙarfi, kan noti ya lalace ya zama da'ira. Daga nan filaya, daga filaya guduma. Ana kiran magariba ya mayar da komai, sai ga noti huɗu da washa biyu a kan tabarma suna kallonsa. Ba ya ruɗewa. Zai juya su a tafin hannu, ya ce Turawa ne da almubazzaranci, wurin da biyu za su riƙe sai su sa shida. Akwai gwangwanin madara a bayan kujerar direba wanda nan ne makomar irin waɗannan, kuma kullum nauyi yake ƙarawa, motar tana raguwa.

A gefensa, kan benci, akwai mai kunne. Wannan bai taɓa ɓata hannu da giris ba. Zai ce, "Alhaji, ɗan ba ta wuta." A taka totur. Ya karkata kai, ya lumshe ido, ya ce, "Nozul ne." In taya ce ta yi faci ma, a wurinsa nozul na da hannu a ciki. Ranar da aka gano ainihin matsalar kuwa, shi ne zai fara cewa ai tun farko ya faɗa.

Sai maƙiyin tamostat, wanda ya kamata a dakata a kansa, don yana da mabiya har cikin masu gareji. Aƙidarsa ita ce wannan ɗan ƙarfen an yi shi ne don ƙasashen ƙanƙara, mu nan rana ta ishe mu. Da zarar allurar zafi ta ɗan ɗaga, sai ya ciro shi ya jefar bayan katanga, ya ji ya 'yantar da inji. Alhali aikin abin shi ne ya tare ruwa har inji ya kai zafin da aka tsara masa, wajen digiri 80, sannan ya buɗe hanya zuwa lagireto. In babu shi, inji ya daɗe yana aiki da sanyi, musamman da asubar hunturu, ya ƙara shan mai, ya ƙara cin jikinsa. Abin da ya kawo zafin tun asali kuwa yana nan ba a taɓa shi ba: lagireton da ya toshe saboda shekara da shekaru ana ɗura masa ruwan rijiya, ko fanka da ta daina kamawa, ko murfin da ya saki. Mutumin nan ba ya sayen ruwan sanyaya inji na kanti. Yana ganin wauta ce a biya kuɗi don ruwa mai kala, ga randa cike a gida. Wata rana a kan hanya tururi zai taso, ya fito da tsumma ya murɗe murfin lagireto tun yana tafasa, ya yi tsalle baya yana salati. Da ya zaro sandar awon baƙin mai ya ga ya koma kalar shayi mai madara, gaskit ya ƙone ke nan, ruwa ya haɗu da mai. Ko a lokacin ba zai zargi kansa ba. Zai ce ai da tamostat ɗin na ciki, da tuni injin ya fashe.

Ni dai a cikinsu duka, sarkin roba da waya nake girmamawa, ko da yake ba na son zama a kujerar gaba in shi ke tuƙi. Shi ɗan hanyar daji ne. Ba shi da akwatin kayan aiki, sai tsohon tib na taya da ya yanyanka tsiri-tsiri, da ƙullin waya, da sabulun wanki. Tanki ya huje, ya murtsuka sabulu ya toshe. Sifirin ya karye, ya sa itace ya naɗe da roba. Famfon mai ya gaza, ya ɗora jarka a kan rufi, ya ja tiyo zuwa inji, mai ya gangaro da kansa. Iska ta shiga layin dizal, ya san notin da zai sassauta, ya yi ta danna ɗan famfon hannu har kumfa ta ƙare. A tsakiyar daji, inda babu sabis balle gareji, irinsa ne ke kai mutane gida, kuma kalmarsa ke nan: "Mu dai kai gida." Matsalar ita ce in an kai gidan ba ya kwance komai. Robar da aka ɗaure don tafiyar kilomita ashirin sai ta ga auren 'ya'yansa biyu. Ƙofar direba da igiya take rufuwa, hon kuwa wayoyi biyu ne tsirara da ake haɗa bakinsu. In fiyus ya ƙone, ya naɗa masa takardar cikin kwalin sigari, ba tare da tambayar abin da ya ƙona shi ba. Fiyus kuwa an yi shi ne ya mutu don mota ta rayu, shi ya sa motar irin wannan mutum takan yi warin ƙonannen roba kafin ta yi abin da ya fi wari.

Na zamani shi ne almajirin YouTube. Ya jingina waya a kan batir, yana kallon wani Bature a Ostireliya cikin gareji mai tayil, mota a rataye a sama, kowace sifana da mazauninta a bango. Baturen ya taɓa noti da ɗan yatsa, noti ya kwance. Nasa kuwa rabonsa da motsi tun mulkin soja. Motar Baturen sitiyarinta a dama yake, don haka rabin abin da ake nunawa a wancan gefen, shi a nasa gefen yake, sai ya yi ta zagaya mota yana karkata waya. Daidai inda za a nuna yadda ake mayar da ƙwallayen cikin aksil ɗin gaba, data ta ƙare. Duk da haka ya fi kowa Turanci. In ya je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, lambar kaya zai karanto mai tsawon lambar waya. Mai shago ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Yallaɓai, ka zo da tsohon?"

A bakin wannan shagon za ka haɗu da mai ƙwauron hannu. An jera masa kala uku: orijina, da na Beljiyam da aka ciro daga jikin wata mota, da sabo mai arha a kwali mai sheƙi. Ya ɗauki mai arhar, ya yi ciniki har mai shago ya rantse, ya dawo bayan wata biyu ya sake sayen irinsa. Injin 1HZ yana son a canja masa bel ɗin taimin duk kilomita 100,000, har fitila aka sa a gaban direba mai rubutun T-BELT don ta tuna masa. Namu da ta kama, sai ya liƙe ta da baƙin salatif, ya ce tana damun idonsa da dare. Ranar da bel ya tsinke fistin ya gaisa da bawul, kuɗin da zai kashe ya isa ya sayi bel ɗin duk jif ɗin unguwarsu.

Akwai kuma ɗan gayun birni, wanda gyaransa duk ƙari ne. Ya ɗaga mota, ya sa manyan tayoyi, ya sa bututun shaƙar iska har saman rufi don ƙetare kogi, ga fitilu jere a goshi, ga shebur a ɗaure a gefe da fentinsa bai taɓa gogewa ba. Motar ba ta san wata hanya ba sai ta ofis da ta makarantar yara. Wani lokaci, in an bar makullin tayoyin gaba a kulle, ya saka giyar taya huɗu a kan kwalta don ya ji ƙarfi, ya rasa abin da ya sa sitiyari ke turjewa a kwana, tayoyi na kuka. Ba a gaya masa ba cewa irin wannan giyar ta ƙasa mai santsi ce, inda taya za ta iya zamewa ta sauke matsin da ke taruwa tsakanin gaba da baya. Sai ranar ɗaurin aure a ƙauye, ga rafi ya ƙafe ya bar yashi. Ya ce wa abokai su zauna su sha kallo. Ya ja ƙaramar giya, ya taka, tayoyin baya suka haƙa rami, na gaba ko motsi. Ya ƙara takawa, mota ta zauna a kan cikinta. Yaran gari suka taru. Can wani tsohon direba ya sauko daga kan keke, ya tsuguna a gaban tayar gaba, ya murɗa ɗan makullin tsakiyarta daga FREE zuwa LOCK, ya zagaya ya yi wa ɗayar haka, ya rage iskar tayoyin huɗu, ya ce, "Ɗana, taka a hankali." A hanyar dawowa ba wanda ya yi maganar, sai shi da ya ce yashin garin nan daban ne.

In ana son a ga rigima kuwa, a haɗa ɗan ɗariƙar Land Rover da na Toyota a inuwa ɗaya. Na farko zai fara daga 1948, ya ba da labarin yadda ƙarancin ƙarfe bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya sa aka yi jikinta da alminiyam, don haka ba ta tsatsa. Ba zai ambaci shasin ba, wanda ƙarfe ne, kuma mai walda ya san shi ciki da waje. Har yau bai gama zaman makokin Janairun 2016 ba, lokacin da aka daina ƙera tsohuwar Defender. In ka nuna masa tabon baƙin mai a inda take kwana, sai ya ce ranar da ta daina ɗiga ce ranar tashin hankali, don man ya ƙare ke nan. Na Toyota ba ya dogon bayani. Zai tuna maka 1987, da sojojin Chadi suka fatattaki tankokin Libiya a kan a-kori-kura, har aka sa wa yaƙin sunan Toyota. Yana faɗa yana bugun bonet kamar da shi aka yi, alhali tasa sai an tura take tashi.

Abu ɗaya ne ba na iya yi wa dariya: mai shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai, a kan rairayi, taya a cire. Jif ta kai tan biyu. A sa mata ƙafar ƙarfe ko kututture mai ƙwari, a kange tayoyi, a tura tayar da aka cire ƙarƙashin shasi.

Akwai wanda shi wannan bai shafe shi ba, don tasa motar ta daɗe a kan bulo. Shi ne mai babban aiki. Ya sauke inji da niyyar ya mayar da ita sabuwa kafin babbar Salla, bai dai faɗi ta wace shekara ba. Kaji sun yi ƙwai a mazaunin fasinja, sun ƙyanƙyashe, jikokinsu ma sun yi. Uwargida ta ɗaura igiyar shanya daga madubi zuwa bishiyar darbejiya, kuma ta daina tambaya, sai dai in baƙi sun zo ta ce, "Baban yara, a matsar da giyabos ɗin nan daga zaure, mutane za su yi salla." Ɗan autan da ya fara riƙe masa tocila yana shan tsawar "haska nan, ba fuskata ba" yanzu ya shiga jami'a. In dillali ya taya, sai ya ji haushi. Ya ce abu kaɗan ya rage.

Dukkansu kuwa gareji ɗaya suke ƙarewa. Ana jawo motar da igiya, sauran sassanta na biye a cikin buhunan taki a bayan Keke Napep. Bakanike ya fito yana goge hannu, ya leƙa inji, ya leƙa buhu, ya girgiza gwangwanin madara ya ji nauyinsa. A ransa ya riga ya ninka kuɗin aiki, don gyaran gangar Abzinawa ya fi ɓacin asali wuyar warwarewa.

"Alhaji, wa ya taɓa motar nan?"

Alhaji ya sa hannuwa a aljihu, don baƙin giris bai gama fita daga farcensa ba.

"Wallahi wani yaro na ba, ashe bai iya ba."

"Ai kuwa ya cuce ka. Kada ka sake ba shi."